Farautar kwandala: nishaɗi ne ko neman riba

Farautar kwandala ita ce mutum ya riƙa tace tsabar kuɗin da ke yawo a hannun jama'a yana neman waɗanda darajarsu ta wuce abin da aka rubuta a jikinsu. Wani a canjin da aka miƙo masa yake dubawa, wani kuma banki yake zuwa takanas ya karɓo kwali guda na kwandaloli a naɗe cikin takarda, ya zauna ya warware su ɗaya bayan ɗaya, ya cire abin da ya yi masa sannan ya mayar da sauran. An fi yin ta a Amurka da Kanada, sai Birtaniya da ƙasashen da ke kashe yuro inda aka fi bin kwandalolin tunawa da ba a buga da yawa ba. Reshe ce daga tsohuwar ɗabi'ar tara kuɗi da nazarinsu, sai dai shi mafarauci ba sayen abin yake a wajen dillali ba, nemowa yake a kan farashin da ke jikinsa, senti ɗaya a senti ɗaya. Saboda haka ne ma ake yawan tambayar ko don jin daɗi ake yi ko don kuɗi, kuma amsar tana fitowa ne in aka zauna aka yi lissafi.

Inda abin ya faro

A shekarun 1930 ne aka fara sayar da wasu allunan kwali a Amurka masu ramuka, kowane rami da shekararsa a rubuce, yaro ko babba ya riƙa cikewa da senti-sentin da ya samu a canji. Lokacin matsin tattalin arziki ne, kuma wannan abin sha'awa ne da ba ya cin kuɗi. Amma abin da ya mayar da shi farauta ta gaske shi ne dokar kuɗi ta Amurka ta 1965. Kafin nan kwandalar senti 10 da ta senti 25 da ake kira kwata da rabin dala duk kashi 90 cikin 100 azurfa ne. Da azurfa ta fara tsada sai gwamnati ta cire ta gaba ɗaya daga senti 10 da kwata, rabin dala kuma aka rage shi zuwa kashi 40 daga 1965 har 1970, daga nan shi ma aka cire. Nan take mutane suka fara ɓoye tsofaffin suna kashe sababbin, abin da masana tattalin arziki ke kira dokar Gresham, wato kuɗi maras nagarta yakan kori mai nagarta daga kasuwa. A farkon 1980 azurfa ta kai kusan dala 50 kowace oza, aka narkar da kwandaloli masu ɗimbin yawa. To ragowar da ta tsira ita ake bi har yau.

Me ake nema

Na farko ƙarfen kansa. Mai neman azurfa ba ya ma tsayawa karanta shekara, naɗin yake buɗewa ya jera kwandalolin a tafin hannu ya kalli gefensu, sabuwar za ka ga jan layin tagulla ya ratsa tsakiyar gefenta, ta azurfa kuwa fari fat take ba layi, in kuma ta faɗi kan tebur ƙararta daban ce, siririya mai ɗan tsawo. Akwai kuma senti 5 na lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1945, da aka sa wa azurfa kashi 35 saboda ana buƙatar nikel wajen kayan yaƙi, ana gane su da babban harafi a saman kubbar ginin Monticello, gidan Shugaba Thomas Jefferson, da aka zana a bayansu. Senti ɗaya kuma kafin 1982 kashi 95 tagulla ne, nauyinsa gram 3.11, wanda ya biyo baya tutiya ce aka lulluɓe da tagulla, gram 2.5, shi ya sa ƙaramin sikeli ba ya rabuwa da teburin mafarauci.

Na biyu shekarun da aka buga kaɗan. Sanannen misali sentin 1909 da aka buga a birnin San Faransisko mai haruffan VDB na wanda ya zana shi Victor David Brenner, guda 484,000 kawai aka buga, da senti 10 na 1916 da aka buga a birnin Denba guda 264,000. A Birtaniya fam ne da feni, kuma wadda ta yi suna ita ce feni 50 ta 2009 ta tunawa da lambun Kew da ke Landan, guda 210,000, ta daɗe tana riƙe da kambun mafi ƙaranci har sai da ta 2023 mai hoton kifin salmon ta zo da guda 200,000. A yuro kuwa akwai yuro 2 ta Monako ta 2007 mai hoton marigayiya Grace Kelly, matar sarkin Monako, guda 20,001, duk da ita kusan tun daga fitowarta hannun masu tarawa ta nufa.

Na uku kuskuren bugawa, kuma nan ne ilimi ke aiki sosai. Sentin 1955 da rubutunsa ya fito bibbiyu ana ganinsa da ido ba sai da gilashin ƙara girma ba. Kwatar jihar Wiskonsin ta 2004 wasu sun fito da ƙarin ganye a jikin masarar da ke bayanta. A 2008 an samu feni 20 a Birtaniya da suka fito babu shekara sam, saboda an haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya. Babbansu shi ne sentin tagulla na 1943, shekarar da aka buga senti da ƙarfe saboda yaƙi amma 'yan ƙalilan suka fito da tagulla bisa kuskure, ɗaya daga ciki an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Jabunsa sun yi yawa, galibi na ƙarfe ne aka shafa wa tagulla, kuma maganaɗisu ke tona musu asiri don na gasken ba ya mannewa.

Lissafin riba

Kwalin senti ɗaya dala 25 ne, naɗi 50 kowanne guda 50, kwandala 2,500 kenan. Kwalin senti 5 dala 100, na senti 10 dala 250, na kwata da na rabin dala kowanne dala 500. Abin da ke jan mutane shi ne uwar kuɗi ba ta ɓata, abin da ka karɓo shi za ka mayar, wanda ka cire ne kawai ka saya a kan farashin jikinsa. Rabin dala na 1964 yana ɗauke da azurfa kusan oza 0.36, mai kashi 40 kuma kusan 0.15. A ɗauka misali oza tana dala 30, na farkon ya haura dala 10 kenan, na biyun dala 4 da ɗoriya, a kan abin da ka samu a senti 50. A ido kam riba ce mai tsoka.

Matsalar ita ce sau nawa ake samu. Shekara sittin kenan ana tace waɗannan kuɗin, kuma kwandalolin da wani mafarauci ya gama bincikewa ya mayar su ne ake sake naɗewa a ba wa wani, har wasu kan sa alama a takardar naɗi ko a jikin kwandala don su gane in ta dawo musu. Mutum zai iya buɗe kwalin rabin dala guda 1,000 ya tashi ba ko ɗaya, ya sake karɓo wani ya zama haka, yatsu sun yi baƙi ƙirin da dauɗar kuɗi, baya ya ƙage, ga kwali mai nauyin sama da kilo 11 da sai an ɗauka an mayar. Sannan ga man mota, ga bankin da ake karɓowa daban da wanda ake zubarwa daban don kar naka su dawo maka, wasu bankunan ma suna cajin kuɗi ko su ƙi ba da kwali in mutum ba shi da asusu, injinan ƙirga kwandala na manyan kantuna kuma sukan cire kasonsu in tsabar kuɗi kake so. In aka raba abin da aka samu da awannin da aka ɓata, a mafi yawan lokuta kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, aikin awa-awa mafi ƙarancin albashi ya fi shi kawo kuɗi.

Masu tara sentin tagulla su nasu ma jira ne, don tun 2006 hukumar buga kuɗin Amurka ta haramta narkar da senti ɗaya da senti 5, sai dai a cika bokitai a ajiye da fatan wata rana a ɗage dokar.

Akwai wani wurin kuma da sababbin shiga ke ruɗewa. Farashin da ake gani a labarai na kwandalar da ba ta taɓa yawo ba ne, wadda kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suka duba suka ba ta maki a ma'aunin Sheldon mai hawa daga 1 zuwa 70, kuma tantancewar ma kuɗi ake biya. Wadda ta sha hannu shekara da shekaru ta goge, ko shekararsu ɗaya, darajarta ba ta ko kusa. Haka farashin da mutum ya rubuta a shafin gwanjo na intanet ba shi ne abin da aka saya ba, kowa na iya sa wa kwandalarsa dala dubu goma. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda zai samu abu mai kyau sai ya ɗauko soso da man goge ƙarfe wai yana gyara ta, alhali gogewar nan ita ke kashe darajar, don masu saye asalin fatar kwandalar suke so ko da ta dushe.

Ba wai babu masu cin riba ba fa, akwai. Su ne waɗanda suka haddace ƙananan bambance-bambancen hatimi da sauran mutane ke wucewa, ko masu buɗe kwalaye da yawa a kowane mako, ko wanda ya dace ranar da wani ya kawo wa banki tarin da ya gada bai san mene ne ba. Wasu kuma ba daga kwandalar suke samu ba, daga bidiyon buɗe naɗin da suke sawa a YouTube ne.

To me ke zaunar da su

A ganina raba abin gida biyu, nishaɗi ko riba, bai kama yadda yake a zahiri ba. Da a ce babu yiwuwar samun wani abu mai daraja da ba wanda zai zauna yana juya senti 2,500, amma kuma da kuɗin ne kaɗai da tuni kowa ya watse bayan kwali na uku. Tsammanin nan shi ne daɗin, allura ce cikin ruwa mai rabo ka ɗauka, kowane naɗi da ba a buɗe ba yana iya zama shi ne. Mafi yawan abin da ake samu ma ba na sayarwa ba ne, senti ne mai zangarniyar alkama a baya irin wanda aka buga daga 1909 zuwa 1958, darajarsa 'yan senti kaɗan, amma mutum zai riƙe shi ya ga 1919 ko 1944 ya tsaya yana tunanin hannaye nawa ya ratsa kafin ya iso nasa. Da yawansu ko azurfar suka samu ba sa sayarwa, a kwalba ko a littafin ramuka take ƙarewa, wanda kuwa ya ƙi sayar da abin da ya samo da wuya a kira shi ɗan kasuwa. Ga kuma iyaye da kakanni da ke zama da yara a kan tebur ana koyon shekaru da sunayen shugabanni da haƙuri.

Hukumomin buga kuɗi sun san da wannan. A 2019 da 2020 Amurka ta buga kwata masu harafin W, alamar gidan buga kuɗi na West Point, miliyan 2 kacal na kowane zane, ba a sayar wa kowa kai tsaye ba, aka cakuɗa su cikin sauran kuɗi da gangan don a nema. A Birtaniya zane 29 na feni 50 da aka fitar saboda wasannin Olamfik na Landan na 2012 sun sa mutane da dama sun fara duba canjinsu.

Masu na'urar gano ƙarfe

Dangin wannan farauta su ne masu yawo da na'urar gano ƙarfe a gonaki da bakin teku. Su ma yawanci murfin kwalba da ƙusa suke tonowa, amma nan ne ake jin labarin tsintar dami a kala. A 1992 a ƙauyen Hoxne da ke Ingila wani mutum ya fita neman gudumar da abokinsa manomi ya yar a gona, sai ya faɗa kan taskar Rumawa mai kwandaloli kusan 15,000 na zinariya da azurfa, bai ci gaba da haƙa ba ya sanar da hukuma, aka biya fam miliyan 1.75 suka raba da manomin, gudumar ma daga baya an gano ta tana gidan tarihi na Birtaniya tare da taskar. Doka a nan ba wasa, a Ingila dokar taska ta 1996 ta wajabta kai rahoton irin wannan tsintuwa, sannan sai da izinin mai fili ake shiga, wasu ƙasashen kuma sun hana haƙar kayan tarihi kwata-kwata sai da lasisi.

Halin da ake ciki

Filin yana ƙara tsukewa. Biyan kuɗi da kati da waya ya rage yawan canjin da ke ratsa hannun mutane, Kanada ta daina raba senti ɗaya tun 2013, Amurka ma ta buga sentinta na ƙarshe na yawo a Nuwamba 2025 a Filadelfiya, saboda kuɗin buga shi ya ninka darajarsa fiye da sau uku. Kwalin senti shi ne mafi arha da yawancin mutane ke fara koyo da shi, dala 25 kawai, kuma shi ne wanda da wuya a buɗe a rasa ko tsoho ɗaya a ciki. Waɗanda ke hannun jama'a dai har yanzu kuɗi ne ana karɓarsu, biliyoyi ne a cikin kwalabe da durowoyi da ƙarƙashin kujerun mota, kuma duk ranar da wani ya juye kwalbarsa ya kai banki suna sake shigowa layi.