Ɗaurin furannin amarya

Ɗaurin furannin amarya, wanda masu kwalliyar biki suka fi kira fulawar amarya, furanni ne da ganyaye da ake haɗawa a ɗaure wuri ɗaya domin amarya ta riƙe a hannu ranar biki. Al'adar daga Turai ta taso. A jihohin Kebbi da Zamfara an fi ganinta wajen dina da ɗaukar hoto a manyan garuruwa irin su Birnin Kebbi da Gusau, da kuma wajen auren coci a ƙasar Zuru. Galibin abin da amare ke riƙewa na roba ne. Ɗanyen ɗauri kuwa iri biyu ne: akwai na furannin da aka sayo daga nesa, akwai kuma wanda aka haɗa da abin da lambu da dajin kusa suka bayar a lokacin da bikin ya faɗo.

Suna

Fure ita ce kalmar Hausa ta asali, jam'inta furanni, kuma a bakin Kabawa da Zamfarawa "hure" ake ji. Fulawa aro ce daga Ingilishi, an fi amfani da ita ga shukar ado, ko da yake da wannan sunan ake kiran garin alkama na buhu.

Tarihi

A tsohuwar daular Rum amarya kan sa kambin furanni da ganyaye masu ƙanshi a ƙarƙashin lulluɓinta, kuma marubutan zamanin sun ce ita da kanta take tsinko su. Zangarniyar alkama ma tana cikin kayan bikinsu, alamar fatan haihuwa da wadata. Daga baya, tsawon ƙarnuka, amaren Turai sun riƙa riƙe ganyayen ƙanshi na lambun gida. Labarin da ke yawo cewa don ɓoye warin jiki ake yin haka, masana tarihi ba su karɓe shi ba.

Siffar da aka sani yau ta kafu ne a ƙarni na 19. Ranar 10 ga Fabrairu 1840 Sarauniya Victoria ta Ingila ta auri Yarima Albert cikin farar riga, da kambin furen lemu a kanta maimakon na zinariya. Mata suka yi koyi da ita har furen lemun ya yi ƙaranci, domin bishiyar ba ta jure sanyin Ingila, sai aka shiga ƙera na kakin zuma ana sayarwa. Ke nan fulawar jabu ta girmi roba. A 1845, a ƙasar Jamus, kakar Albert ta ba Victoria reshen wani ɗan itace mai ƙanshi da ake kira myrtle, aka dasa shi a gidan Sarauniyar na Osborne a Ingila. Babbar 'yar Victoria ta riƙe reshensa ranar aurenta a 1858, kuma amaren gidan sarautar sun ci gaba da sa shi cikin ɗaurinsu.

A ƙarshen shekarun 1920 wata mata mai suna Constance Spry ta buɗe shagon furanni a Landan. Ta yi suna ne saboda ba ta raina komai: ganyen kabeji, ciyawar bakin hanya, reshe mai 'ya'ya, duk tana sa su kusa da furanni masu tsada. Ita aka ba aikin furannin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953. Masu haɗa ɗauri da furannin lambu har yau suna ɗaukarta a matsayin wadda ta share musu hanya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harkar ta juya. A 1954 aka ƙirƙiro a Amurka wani koren soso mai riƙe ruwa da ake soke furanni a jikinsa, sannan jiragen sama da ɗakunan sanyi suka sa fure ya daina jiran lokacinsa. Kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan ta zama cibiyar cinikin duniya, gonakin bakin tafkin Naivasha a Kenya da na Habasha suka zama masu ba Turai wardi, wato ros, rani da damina. A farkon ƙarni na 21 aka sami masu komawa ga furen gida da na lokaci, saboda tsadar jigila da maganin feshi da sharar soson nan da ba ya ruɓewa. Ɗaurin da Catherine Middleton ta riƙe ranar aurenta da Yarima William na Ingila a Afrilun 2011 ƙarami ne, na furannin da ake samu a Ingila a wannan watan, kuma a Mayun 2018 Yarima Harry da hannunsa ya tsinko wasu daga cikin furannin amaryarsa a lambun fadar Kensington.

Shigowarsa ƙasar Hausa

Adon amaryar Hausa lalle ne da kitso da turare: humra, turaren wuta, turaren tsuguno. Ƙanshi yana da babban gurbi, amma fure a hannu ba ya cikin kamu ko sa lalle ko buɗar kai. Ana kyautata zaton ɗaurin ya fara shigowa Arewa ne ta auren coci a zamanin mulkin mallaka, ya kuma isa bukukuwan Musulmi na birane a 'yan shekarun baya tare da dina da masu ado na haya. Hotunan Instagram da Facebook sun ƙara masa gudu.

Abin da kowane lokaci ke bayarwa

A nan ne mai lambu a Kebbi ko Zamfara ya bambanta da na Turai, domin ba sanyi ne ke yanke masa hukunci ba, ruwa ne da zafi.

Damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin yalwa. Ziniya da marigol, furannin lambu waɗanda asalinsu daga Meziko ne, suna yi sosai ba tare da ban-ruwa ba. Haka silosiya, 'yar uwar alayyahu mai jan tukku, da gomfirina mai ƙananan kawuna kamar maɓalli, da sanfulawa mai babban rawayan fure. A daji akwai albasar kwaɗi mai farin fure da jan zane, tana fitowa da ruwan farko, da baurairai mai hawa, wanda furensa ja da rawaya yake lanƙwashe kamar harshen wuta. Matsalar damina ita ce ruwan sama mai ƙarfi yana dukan fure ya ɓata shi, laima kuma tana kawo ruɓa. Ƙuduji ma yana yin fure mai kyau a gonar dawa, amma ba a sa shi a ɗauri: ƙwayoyin irinsa ƙanana ne ƙwarai, yawo da shi yaɗa annoba ce ga manoma.

Kaka, wato Oktoba da Nuwamba, ta fi kowane lokaci dacewa da ƙasar nan, kuma ta yi daidai da lokacin da aure ke yawaita a karkara bayan amfanin gona ya zo gida. Jan zoɓorodo a jikin karan yakuwa yana daɗewa bai yi yaushi ba, launinsa kuma yana tafiya da jan lalle. Kyasuwa tana fitar da gashinta mai laushi, gamba ta yi kai. Zangarniyar shinkafa daga fadamun Argungu da Birnin Kebbi tana rusunawa a gefen ɗauri, ta ba shi irin zubowar da a wasu wurare sai an nemo ta da tsada. Audugar da ta fashe a jikin karanta, wadda ƙasar Zamfara ta daɗe da sani, ita ce farin da ba ya tsoron rana. Mafi yawan waɗannan ba furanni ba ne a ma'anar masana tsirrai, amma su ne ke ba ɗaurin kamannin wurin da aka yi shi.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, na mai lambun rani ne. Inda akwai ruwa, kamar bakin gulbin Rima, da Yawuri a gaɓar Neja, da filayen ban-ruwa na madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, furannin lambu na damina suna yi, har launinsu ya fi fita saboda sanyin dare. Albasar da aka bari don iri, irin ta Aliero, tana yin farin fure dunƙulalle a kan dogon kara. Sai dai wurin yankan yana warin albasa, don haka a kan naɗe shi. Gurjiya da minjirya suna yin jan fure a wannan lokaci bayan sun zubar da ganye. Illar hunturu ƙura ce da busasshiyar iska mai tsotse ruwan fure cikin sa'o'i kaɗan.

Bazara ita ce mai wuya. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Marga tana zubo da rawayan furenta, dogon yaro ya cika gari da ƙanshi, buganbiliya ta rufe katanga, amma dukansu da an yanke sai su yi laushi. Abin dogaro a nan shi ne ganyen bishiyar turare, busasshiyar gomfirina, zangarniyar alkamar rani, da abin da aka adana tun kaka.

Lalle da zogale suna yin ƙananan furanni masu ƙanshi fiye da sau ɗaya a shekara idan suna samun ruwa. Mai noman lalle ganye yake nema, shi ya sa mutane da yawa ba su san furen ba, alhali a Indiya har turare ake tatsa daga cikinsa. Bai taka kara ya karya ba wajen girma, amma babu furen da ya fi shi cancantar hannun amaryar Hausa.

Lissafin shuka

Daga ranar biki ake ƙirgowa baya. Ziniya da sanfulawa suna ɗaukar kamar wata 2 daga shuka zuwa fure, silosiya da gomfirina kamar wata 3. Akan shuka kashi-kashi, mako ɗaya ko biyu tsakani, don ko wani ya yi sauri wani ya makara a sami na yanka. Iyalan da ke sa rana da watan Musulunci, kamar masu son a gama kafin azumi, sai su tuna shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Bikin Sha'aban na bana da na shekara 10 masu zuwa ba furanni ɗaya za su samu ba.

Yanka da shayarwa

Da asuba ake yanka, kafin rana ta ɗaga, ko da yamma liƙis, da wuƙa mai kaifi, a karkace. Bokitin ruwa mai tsabta yana biye da mai yanka, kara ba ya jira a ƙasa. A zage duk ganyen da zai nutse, domin shi ke ruɓewa ya haifi ƙwayoyin cuta masu toshe hanyar ruwa a cikin kara. Sai a ajiye a inuwa mai sanyi na wasu sa'o'i, ko a bari ya kwana, fure ya sha ya ƙoshi. Ɗan sukari, ɗan ruwan lemun tsami da ɗigon bilic a cikin ruwan suna ƙara masa kwana. Ziniya tana da gwaji: a kama karan a girgiza, in kan ya yi lilo bai isa yanka ba.

Abu biyu na gidan biki suna kashe fure da wuri. Na farko 'ya'yan itace masu nuna, kamar ayaba da mangwaro da tumatir, domin suna fitar da iskar etilin mai tsufar da fure. Na biyu hayaƙi, wanda shi ma yana ɗauke da ita. Don haka ɗakin da aka kunna kaskon turaren wuta ba wurin ajiyar ɗauri ba ne. Inda wuta ba ta tsayawa, gindin randa ko tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani suna taimakawa. Wannan dabara ce da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa don adana kayan lambu har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma ta fi aiki lokacin da iska ta bushe.

Haɗawa

Akan kasa kayan gida uku: manyan furanni masu jan ido, ƙanana masu cike gurbi, da ganye ko ciyawa. Mai haɗawa yana riƙe kara ɗaya tsakanin babban yatsa da manuniya, yana ɗora na gaba a karkace, yana juya ɗaurin kaɗan bayan kowane ƙari, har karan su murɗe kamar igiya. Matsakaicin ɗauri yana cin kara 20 zuwa 30. A ɗaure da zare ko tsagin kaba a inda hannu yake, a datse gindin daidai, a naɗe da ƙyallen da ya rage daga ɗinkin amarya ko ankon ƙawaye. Ɗaɗɗoya da na'a-na'a suna ƙara ƙanshi.

Siffofin da aka fi sani su ne dunƙulalle, da mai zubowa irin wanda Gimbiya Diana ta riƙe a 1981, da dogo da ake kwantarwa a damtse. Leshi mai duwatsu da gwaggwaro sun riga sun cika ido, don haka ƙaramin ɗauri mai launi biyu ko uku ya fi zama da su, kuma ba ya rufe zanen lallen hannu. Garin furen sanfulawa yana ɓata farin yadi.

Masu guba

Tumfafiya tana da fure mai kyau, amma nononta na iya lahanta ido. Baurairai guba ne daga saiwa har fure. Haka ƙariya, mai kumburarren gindi da furen ruwan hoda a tsakiyar rani, wadda wasu ke danganta sunanta da karin maganar nan ta ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ba a sa su a ɗaurin da zai zagaya hannun yara.

Saɓanin ra'ayi

Wasu malamai suna ganin riƙe ɗaurin koyi ne da baƙuwar al'ada, wasu suna ganinsa ado ne kawai, ƙorafinsu ya fi karkata ga cakuɗuwar maza da mata a wajen dina. Jefa ɗaurin ga 'yan mata, kamar yadda ake yi a Turai da Amurka, bai yaɗu ba a bukukuwan Hausawa.

Bayan biki

Gomfirina, silosiya, auduga da zangarniya suna bushewa ba tare da sun zube ba idan aka rataye ɗaurin kai ƙasa a ɗaki mai iska da rana ba ta shiga. A hunturu mako biyu kan isa. Busasshen kan ziniya da na marigol suna ɗauke da iri, ana murje su a adana a takarda har shukar gaba.