Jinin da aka ɗiba a labo: me ƙa'ida ta ce idan za a yi bincike da shi?

Ɗibar jini iri biyu ce, ko da yake allurar ɗaya ce, ƴar kwalbar ma ɗaya. Akwai wanda likita ya rubuta maka don a gano abin da ke damunka: ka biya, ka kai takarda labo, gobe ka dawo karɓar sakamako. Akwai kuma wanda ake ɗiba don amsa wata tambaya ta ilimi, wadda amsarta wataƙila ba za ta ƙare ka da komai ba, sai dai ta amfani wasu nan gaba. Na farko neman magani ne, na biyu bincike ne, kuma ƙa'idarsu ba ɗaya ba ce. A Yamai abubuwan biyu suna gudana a zaure ɗaya. A Babban Asibitin Ƙasa da asibitin Lamorde, ɗaliban likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni suna tattara bayanai don kundin kammala karatu, a kan marasa lafiyar da suka zo neman sauƙi. Shi ya sa ya kamata mai miƙa hannu ya san wanne ake yi masa.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi yana cikin jinin kansa. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da cibiya, amma fararen suna da ita, kuma a cikinta ADN yake, wato rubutun gadon da ka ɗauko daga uwa da uba. Wanda ya karanta naka ya karanta wani ɓangare na ƴaƴanka da ƴan uwanka, su da ba a tambaye su komai ba. Sannan abin ba ya lalacewa da wuri. Firigon bincike yana riƙe samfuri a digiri 80 ƙasa da sifiri shekara da shekaru, ruwan azot kuwa, wato iskar nitrojin da aka sanyaya har ta zama ruwa, yana kai wa 196 ƙasa da sifiri, inda ƙwayar halitta ke tsayawa cak, a narkar da ita bayan shekaru ta ci gaba da rayuwa. Har akwai dabarar da ake sa wa wasu fararen ƙwayoyi ƙwayar cutar Epstein-Barr, su yi ta rabuwa a cikin kwalba ba iyaka. Ko ɗigon jinin da ake tsaga yatsan yaro a ɗiga a kan ƴar takarda mai tsotsewa, don a binciki ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fara jure wa magani, idan ya bushe yana ɗauke da ADN biyu: na ƙwayar cutar da na yaron.

Labarin da duk mai aikin ƙwayoyin halitta ya sani shi ne na Henrietta Lacks, baƙar fata ƴar Amurka. A 1951 aka yanki wani ɓangare na ciwon dajin bakin mahaifarta a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, aka kai wa wani mai bincike, George Gey, ba tare da an tambaye ta ba. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, amma ƙwayoyin nata, da aka sa wa suna HeLa, suka ci gaba da yaɗuwa. Da su aka yi aikin gwajin rigakafin shan inna, kuma har yau ana amfani da su a dakunan bincike a duniya. Iyalanta ba su san da maganar ba sai bayan sama da shekara 20. A 2013 wasu masu bincike a Jamus suka wallafa rubutun gadon ƙwayoyin gaba ɗaya, nan ma ba a nemi iyalan ba, sai da aka yi ca a kansu kafin aka zauna da su aka yi yarjejeniya. Mu kuma muna da namu kusa da gida: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, a kan yara 200, inda 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce an samu yardarsu da baki. Shari'a ta ja har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75.

Ƙa'idojin da ake bi a yau daga irin waɗannan ɓarnar suka fito. Tushensu Ƙa'idar Nuremberg ta 1947, sai Sanarwar Helsinki da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964, wadda aka yi wa gyara na baya-bayan nan a watan Oktoban 2024. Sanarwar Helsinki ba doka ba ce da majalisa ta zartar, ba a ɗaure mutum da ita kai tsaye. Amma kwamitocin ƙasashe da ita suke auna bincike, manyan mujallun kimiyya kuma ba sa buga aikin da bai bi ta ba, masu ba da kuɗi ma haka. Ga mai bincike, wannan hukunci ne mai ciwo.

A Nijar ƙofa biyu ce bincike zai bi kafin allura ta taɓa fata. Ta farko ita ce kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar binciken lafiya, CNERS, wanda ke tare da ma'aikatar kiwon lafiya. Mai bincike yana kai masa tsarin aikinsa a rubuce: me yake nema, mutum nawa, jini nawa, sau nawa, wace illa za ta iya faruwa, wa zai biya magani idan ta faru, ina za a ajiye samfurin. Kwamitin zai iya amincewa, ya ce a gyara, ko ya ƙi. Idan aikin na haɗin gwiwa ne da wata jami'a ta waje, amincewar kwamitin can ba ta wadatar ba. Gyaran 2024 ya faɗa ƙarara cewa sai na ƙasar da ta kawo aikin da na ƙasar da ake aikin a cikinta duk sun yarda. Manyan ayyukan da aka yi a nan, irin gwajin rigakafin gudawar rota a Madarunfa ta jihar Maraɗi da na raba wa yara maganin azitromisin a jihar Doso, sai da suka samu amincewar kwamitin ɗa'a na ƙasa.

Ƙofa ta biyu kai ne, kuma a nan aka fi samun zamewa. Ba sa hannu kawai ake nema ba, yarda ce bayan bayani. Dole a gaya maka cewa wannan bincike ne, da abin da ake nema, da wanda ya ba da kuɗin, da wahalar da za ka sha, da amfanin da za ka samu idan akwai, da cewa kana iya ƙi. Kuma a yaren da kake ji. Takarda mai shafi huɗu da Faransanci a hannun tsohuwar da ta zo daga Gamkale ko Talaje da jikanta a goye ba bayani ba ne. Sai an zauna an warware mata da Hausa ko Zabarmanci, an bar ta ta yi tambaya. Idan ba ta karatu, ana kawo shaida wanda ba ya cikin masu binciken, ya saurari bayanin daga farko har ƙarshe, ita ta dangwala yatsa, shi ya sa hannu cewa abin da ke takardar shi aka faɗa mata. Ana ba ta kwafi ta tafi da shi. Shaidar da aka kira daga bakin ƙofa bayan an gama magana, don kawai a cike gurbi, bai shaida komai ba.

Akwai wata ƙa'ida da mutanenmu ba su cika sani ba, alhali ita ce ta fi shafarsu. Mun taso da jin nauyin likita. Idan ya ce "Hajiya, za mu ƙara ɗibar kaɗan", ba mai cewa don me. Sanarwar Helsinki ta san da haka, shi ya sa ta ce idan mutum yana ƙarƙashin kulawar likitan da ke binciken, har yana iya yarda don kunya ko tsoro, to wani daban da ya cancanta ne zai nemi yardar. Ta kuma ce ƙin shiga ba zai taɓa shafar kulawar da ake ba shi ba. Mai emasi da ke zuwa cibiyar masu amosanin jini ta Yamai duk wata, idan ya ce ba ya so, layinsa da maganinsa suna nan yadda suke.

To maigida fa, da hakimi? A ƙauye ba a shiga gari sai an gaida mai gari da liman, kuma daidai ne. Ƙa'idar ma ta yarda a shawarci dangi da shugabannin al'umma. Mace ta ce sai ta shawarci mijinta, wannan haƙƙinta ne, a ba ta lokaci. Amma izinin mai gari na shiga gari ne, ba na shiga jijiyar kowa ba. Baligi mai hankali ba a sa shi a bincike sai shi da kansa ya yarda, ko da duk gidan sun ce to. Yaro kuwa uba ko uwa ko mai riƙonsa ne ke ba da izini, amma idan ya yi wayon da zai fahimta, ana neman amincewarsa shi ma, kuma ƙinsa abin girmamawa ne.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Kuɗin taksi da na ɓata lokaci halas ne a mayar wa mutum. Kuɗin da ya kai ya sa talaka ya rufe ido ya karɓi haɗarin da da ba zai karɓa ba, shi kwamiti ke hanawa. Jita-jitar cewa sayar da jinin ake yi kuwa, a duba yawansa: kwalbar bincike ƴan mililita kaɗan ce, cikin wajen lita 5 da ke jikin babba. Darajar samfurin ba a yawan jinin take ba, a bayanin da ke ciki take.

Shi ya sa, a ganina, layin da ya fi muhimmanci a takardar shi ne wanda ake karantawa a gurguje daga ƙarshe: me za a yi da ragowar? Samfuri amana ce da aka ba da don wani aiki sananne. Wanda aka ba ajiyar hatsi don shuka ba shi da ikon kai shi kasuwa. Ƙabilar Havasupai a jihar Arizona ta Amurka sun ba da jini don binciken ciwon suga, daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da auren zumunci da asalin kakanninsu. A 2010 jami'ar da masu bincikenta suka ɗebi jinin ta biya su dala 700,000 ta mayar musu da jininsu. Yanzu Sanarwar Helsinki ta ce sai an nemi yarda a kan tattarawa da ajiyewa da duk wani amfani na gaba da ake hangowa, Sanarwar Taipei ta 2016 kuma ta yi bayanin yadda za a tafiyar da rumbun samfurai. Takarda mai kyau tana ba ka zaɓi: a zubar bayan wannan aikin, ko a ajiye don irin wannan cutar kaɗai, ko a ajiye don wasu binciken da kwamiti zai duba. Kana iya yarda da binciken ka ƙi ajiyar. Tsofaffin samfuran da ba za a iya samun masu su ba, ba a taɓa su sai kwamiti ya amince.

Fitar da samfuri waje ma ba a aljihun jaka ake yi ba. Wasu awon suna buƙatar na'urorin da sai a Dakar ko Faransa, to sai a rubuta yarjejeniyar miƙa samfuri tsakanin cibiyoyin biyu: me aka aika, don me, wa zai taɓa shi, yaushe za a lalata ko a mayar, sunan wa zai hau sakamakon. Kunshin kansa rufi uku ne, da alamar UN3373 a jiki idan irin samfurin awo ne na yau da kullum. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ke maganar raba amfanin albarkatun halitta, ba ta shafi jikin ɗan Adam ba, don haka duk abin da ba a rubuta a takardar miƙawar ba, da wuya a same shi daga baya.

A ɓangaren bayanai kuma akwai doka ta gaske mai hukunci. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum a 2017, ta sake ta a watan Disamban 2022, kuma hukumar kare bayanan mutum, HAPDP, aka ɗora wa alhakin kula da ita. Bayanan lafiya da na gado suna cikin waɗanda doka ta tsaurara a kansu. A aikace shi ya sa za ka ga lamba a jikin kwalbar bincike maimakon suna, littafin da ke haɗa lamba da suna kuma yana kulle a hannun babban mai binciken. Sai dai a ADN cire suna ba ya rufe asiri gaba ɗaya, kuma mai bincike na kirki zai gaya maka haka.

Abu ɗaya da ba ya cikin wannan tsarin shi ne sa ido kan annoba. Idan majo ya ɗebi ruwan ƙashin bayan yaron da ake zaton sanƙarau ne, aka aika cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai don a gane ko nau'in A ne ko C ko W, wannan aikin hukuma ne na kare jama'a, ba a cike masa takardar shiga bincike. Irin wannan awon ne ya nuna cewa annobar 2015 ta nau'in C ce, wanda rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 bai rufe ba. Amma ranar da wani ya so ɗaukar waɗannan samfuran ya yi wata tambaya ta daban da su, ya koma mai bincike, sai ya bi ta kwamiti.

Wanda ya riga ya yarda yana iya janyewa ko yaushe, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma yana iya cewa a lalata ragowar samfurinsa. Iyakar abin ita ce, sakamakon da aka riga aka haɗa da na wasu aka wallafa ba ya ciruwa, haka ma samfurin da aka yanke duk wata alaƙa tsakaninsa da sunanka, don ba mai iya gano wanne ne naka. A kwafin da aka ba ka ya kamata ka ga sunan babban mai binciken da lambar wayarsa, da hanyar tuntuɓar kwamitin ɗa'a idan ƙorafinka a kan masu binciken ne kansu. Idan takardar da aka miƙo maka ba ta da waɗannan, ka tambaya kafin ka naɗe hannun riga.