Wanda Saƙo Bai Kai Gare Shi Ba: Waiwaye Kan Tsohuwar Muhawarar Wuta da Tsira

An haifi mutum a gidan da ba a san addinin da kake kai ba, ya tashi kan abin da ya tarar da iyayensa, ya mutu a kai. Ina makomarsa? Da yawa suna ɗauka tambayar ’yan zamani ce, alhali malaman Musulunci suna tafka muhawara a kanta tun ƙarni na biyu na Hijira, Kiristoci kuwa tun kafin haka. Abin da ke rikita masu jayayya a yau shi ne tambayoyi huɗu ne suka sarƙe da juna: wane addini ne gaskiya, wa hujja ta tsaya a kansa, mene ne hukuncin wane ɗan wane, kuma azabar tana ƙarewa ko ba ta ƙarewa. Malaman da suka gabata sun warware su ɗaya bayan ɗaya.

A ɓangaren Musulunci, tambayar farko ba a saɓa a kanta ba. Aya ta 85 a Suratu Ali Imrana ta ce wanda ya nemi wani addini ba Musulunci ba, ba za a karɓa daga gare shi ba. Amma aya ta 15 a Suratul Isra’i ta ce Allah ba ya azabtarwa sai ya aiko Manzo, aya ta 165 a Suratun Nisa’i kuma ta ce an aiko Manzanni ne don kada mutane su sami hujja a kan Allah. Hatta hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya ce Bayahude ko Banasaren da ya mutu bai yi imani ba ɗan wuta ne, ya gindaya sharaɗi: ya ji labarin Annabi (SAW) tukuna.

Nan saɓanin ya fara, a kan wanda bai ji ba. Malaman aƙida sukan buga misali da mutumin da ya girma shi kaɗai a kan ƙololuwar dutse. Mu’utazilawa suka ce hankali kaɗai ya isa ya wajabta masa sanin Allah da rarrabe kyakkyawa da mummuna, don haka ba shi da uzuri. Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙandi, wanda ya rasu a 944, da mabiyansa sun tsaya a tsakiya: sanin cewa akwai Mahalicci wajibi ne a kansa saboda abin da yake gani na sama da ƙasa, amma salla da azumi da sauran hukunce-hukunce ba sa hawa kansa sai Manzo ya zo. Ash’ariyawa, waɗanda mazhabarsu ta aƙida ce ta daɗe a zaurukan karatu na ƙasar Hausa, suka ce babu wajibci kafin zuwan shari’a, saboda haka ahlul fatra, wato mutanen da suka rayu a tsakanin Manzanni saƙo bai riske su ba, za su tsira.

Malaman hadisi suna da wata amsar. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Aswad bn Sari’ cewa mutum huɗu za su kawo hanzari ranar alƙiyama: kurma, da mai taɓin hankali, da tsoho tukuf wanda ya ruɗe, da wanda ya mutu a zamanin yankewar Manzanni. Sai a jarraba su, a umarce su da shiga wuta. Wanda ya bi umarni za ta zame masa sanyi da aminci. Ibn Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus, bai gamsu ba, domin a ganinsa lahira gidan sakamako ce, ba gidan jarrabawa ba. Ibn Kasir ya mayar masa da martani a tafsirinsa cewa akwai kiran da za a yi wa mutane su yi sujada a filin alƙiyama, wannan kuwa bayan mutuwa ne. A ƙarnin da ya wuce, Shaikh Muhammadul Amin ash-Shinƙiɗi ya rinjayar da wannan ra’ayi na jarrabawa a cikin Adwa’ul Bayan, saboda shi ne ke haɗa nassoshin ba tare da an jefar da ko ɗaya ba.

Wanda bai ji ba lamarinsa da sauƙi. Mai wuyar shi ne wanda ya ji, bai gamsu ba. Jahiz na Basra, a ƙarni na 9, ya ce duk wanda ba Musulmi ba da ya yi bincike iya ƙoƙarinsa amma gaskiya ta ɓuya masa, yana da uzuri. Mai taurin kai ne kawai ke da laifi. Jumhurun malamai sun yi watsi da wannan, Imamu Gazali ma ya soke shi a cikin littafinsa Mustasfa. Sai dai shi Gazalin, wanda ya rasu a 1111, shi ne ya kawo rabe-raben da har yau ba a sami wanda ya fi shi tsari ba. A cikin littafinsa Faisalut Tafriƙa ya dubi Kiristocin Rumawa da Turkawan da ke can nesa da ƙasashen Musulmi, ya kasa su uku. Kashi na farko ko sunan Annabi bai kai kunnensu ba, waɗannan suna da uzuri. Kashi na biyu sun ji sunansa da siffofinsa da mu’ujizojinsa, suna cuɗanya da Musulmi, suka juya baya. Waɗannan hujja ta tsaya musu. Kashi na uku sun ji sunan, amma tun suna yara abin da ake faɗa musu shi ne wani maƙaryaci ne ya yi da’awar annabta. Gazali ya ce hukuncinsu ɗaya da kashin farko, domin abin da ya iso musu kishiyar gaskiya ne, kuma irin wannan labari ba ya zaburar da kowa ya tashi neman sani. Ya ƙara da cewa wanda labari ingantacce ya iske, ya duƙufa bincike da gaske, ajali ya cim masa kafin ya kammala, rahama za ta haɗa da shi. A fahimtarmu, a nan ne ya rabu da Jahiz: shi ya yi wa mai tafiya kan hanya uzuri, Jahiz kuwa har wanda ya kai ƙarshe ya yanke hukuncin kuskure.

Abin lura, Cocin Katolika ya bi ta irin wannan hanya da ƙafarsa. Sipriyan, bishop na Kartaj a ƙasar Tunusiya ta yanzu, wanda aka kashe a 258, shi ya ce babu tsira a wajen coci, amma da waɗanda suka ɓalle daga cocin yake. Daga baya aka faɗaɗa maganar, har taron shugabannin coci na birnin Filorans a 1442 ya ayyana cewa arna da Yahudawa da ’yan bidi’a duk wuta za su, sai in sun shigo cocin kafin mutuwa. A lokacin Turawa suna zaton bishara ta gama zaga duniya. Shekara hamsin bayan haka jiragen Kolumbus suka isa nahiyar Amurka, aka tarar da al’ummomin da ba su taɓa jin sunan Almasihu ba. A 1539, Faransisko de Bitoriya, malamin tauhidi a jami’ar Salamanka ta Sifen, ya ce mutanen can ba su da laifin ƙin imani don kawai an sanar da su sau ɗaya, kuma shi bai ji labarin wata mu’ujiza ko kyakkyawar rayuwa da aka nuna musu ba, sai abin kunya da zalunci. Kusan maganar Gazali ce, daga wata ƙofar. Fafaroma Piyus na Tara ya tabbatar da uzurin jahilcin da ba laifin mai shi ba a 1863. Da wani limamin coci a Boston, Liyonad Fini, ya kafe kan tsohuwar fassara mai tsauri, fadar Fafaroma ta yi masa gyara a 1949, aka kuma kore shi daga cocin a 1953 bayan ya ƙi amsa kiran da fadar ta yi masa zuwa birnin Rum. Babban taron Vatikan na biyu, a 1964, ya ce wanda bai san bishara ba ba da laifinsa ba, amma yana neman Allah da zuciya ɗaya, zai iya tsira, har ya ambaci Musulmi da suna. Ikilisiyoyin Furotesta da yawa ba su bi wannan ba; suna riƙe da Yahaya 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12 cewa sai an furta imani da Almasihu.

Tambayar ƙarewar wuta daban take, kuma haɗa ta da ta sama kuskure ne. Jahm bn Safwan ya ce aljanna da wuta duka za su ƙare, aka yi masa ca. An jingina wa Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a kurkukun Dimashƙ a 1328, cewa wuta kaɗai za ta ƙare, ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim kuma ya jero hujjojin hakan a Hadil Arwah, ciki har da togaciyar aya ta 107 a Suratu Hud, wadda ta ce za su dawwama a wuta sai abin da Ubangijinka ya so. Taƙiyyuddin as-Subki ya rubuta raddi, yana kafa hujja da tarin ayoyin dawwama da ijma’i, kuma wannan ne matsayin jumhuru har gobe. Akwai malaman da ke musun cewa Ibn Taimiyya ya tafi a kan haka tun asali.

To, ko tsoron wuta zai iya zaɓar wa mutum addini? Bafaranshe Paskal, wanda ya rasu a 1662, ya yi lissafin cewa mai imani in ya yi kuskure asararsa kaɗan ce, marar imani in ya yi kuskure asararsa ba iyaka. Abul Ala al-Ma’arri mawaƙin Larabawa ya riga shi faɗar haka a baitoci biyu, yana mayar wa masanin taurari da likita da suka musa tashin ƙiyama. Lissafin yana aiki tsakanin imani da rashinsa, amma yana rushewa idan addinai biyu kowanne ya yi gargaɗi da tasa wutar. Didero, wani Bafaranshe masanin falsafa, ya nuna haka a ƙarni na 18 da ya ce limamin Musulmi ma zai iya kawo wannan hujjar. Dole a koma ga dalili.

Daga nan tambayar ta juyo gida: shi Musulmin da ya gaji addini bai san dalili ba fa? Muhammad as-Sanusi na Tilimsan, mai littafin aƙida Ummul Barahin, wanda ya rasu a 1490, ya tsananta wajen wajabta sanin dalili. A ƙasar Hausa wasu ɗalibai suka wuce gona da iri, suna titsiye talakawa da tambayoyin ilimin kalam, wato kafa hujjar aƙida da hankali, wanda ya kasa amsawa su kafirta shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da dama, yana cewa wanda ya furta shahada kuma ya bayyana Musulunci ana hukunta shi da zahirinsa.

Wurin da aka fi zamewa shi ne cakuɗa hukuncin duniya da na lahira. Wanda ya mutu ba Musulmi ba, ba a yi masa sallar jana’iza, ba gado tsakaninsa da Musulmi. Wannan hukuncin zahiri ne, ba ya buƙatar sanin abin da ke zuciya. Yanke wa mutum ayyananne wuta kuwa yana buƙatar nassi, kamar yadda ya zo a kan Fir’auna da Abu Lahabi. Ibnul Ƙayyim ya fayyace wannan a Ɗariƙul Hijrataini: a dunƙule, wanda ya bi wani addini ba Musulunci ba kafiri ne, Allah kuma ba ya azabtar da kowa sai hujja ta tsaya, amma ko ta tsaya wa Zaidu ko Amru, wannan tsakaninsu ne da Ubangijinsu. Ya kuma ce tsayuwar hujja tana bambanta da zamani da wuri da mutum, har ya kawo misalin wanda bai fahimci harshen ba kuma babu tafinta.

Abin da malaman yau ke saɓani a kai shi ne iyakar kashi na uku na Gazali. Wasu na ganin da rediyo da intanet da fassarar Alƙur’ani a harsuna masu yawa, hanyar bincike a buɗe take ga kowa, saboda haka wanda bai nema ba shi ya yi sakaci. Wasu kuma na cewa manomin da ke wani ƙauye a Latin Amurka, wanda bai taɓa jin sunan Musulunci ba sai a labarin tashin bam, yana nan daram a inda Gazali ya ajiye Rumawan zamaninsa.