Amane ya yi tsada, matsalar daga teku take

Hajiyoyinmu masu wake da shinkafa da masu tuwo a zango, daga Nima ta Accra har Aboabo ta Kumasi, kun fi kowa sanin yadda kuɗin amane, ƙaramin kifin nan na teku, ya tashi. Kifin da a da ake cika kwano a daka a zuba a shito, soyayyen yajin nan, babu lissafi, yanzu ƙirga shi ake yi. Wasu na ɗora laifin a kan dillalai, wasu a kan kuɗin mota. Duk akwai, amma ni da aikin wayar da kan masunta ya zaunar da ni tsakanin Elmina da Cape Coast, ina shaida muku cewa kifin ne babu a ruwa.

A shekarar 1996 amanen da aka kama a Gana ya kusa tan 136,000. A 2016 bai wuce tan 29,000 ba. Kwale-kwalen da ke bin sa kuwa sun haura 12,000. Masunci zai ci bashin man inji, ya kwana a teku da yaransa, ya dawo da abin da ko kuɗin man bai mayar ba.

Babban abin da ya karya masunta shi ne saiko, wato cinikin kifi ta bayan fage tsakanin manyan jirage da kwale-kwale a cikin teku. Manyan jiragen kamun kifi, waɗanda galibinsu da sunan 'yan Gana aka yi musu rajista amma kuɗin kamfanonin Sin ne a ciki, lasisinsu na kifin ƙasan teku ne. Sai su ja raga su kwashe ƙananan kifin saman ruwa, abincin talaka, su daskarar da shi a ƙanƙara falle-falle, su sayar wa wasu manyan kwale-kwale can tsakiyar teku, a sauke a Elmina ko Apam ko Axim. Binciken EJF da Hen Mpoano, ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke sa ido kan harkar kamun kifi, ya ƙiyasta kifin saiko ya kai tan 100,000 a shekarar 2017 kaɗai. Abin takaicin, yawancinsa 'ya'yan kifi ne da ba su kai yin ƙwai ba. Wanda ya cinye iri, me zai shuka da damina? A 2021 Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, karo na biyu ke nan.

Amma in za a faɗi gaskiya, masuntanmu ma da nasu. Na sha faɗa a gaban sarakunan ruwa, ba su ji daɗi ba. Akwai masu ɗora janareta a kwale-kwale su jefa fitila cikin ruwa da dare, kifi ya taru babba da yaro. Akwai masu raga mai ƙananan ido. Mafi muni su ne masu nakiya da sinadarin kabaid da maganin ƙwari na DDT. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: jirgi yana kwashewa, ni in zauna da yunwa? Ina jin zafinsu, sai dai kifin guba cikin tukunyar wani yake ƙarewa.

Wahalar ta fi sauka a kan mata. Su ke saye a bakin ruwa, su ke ƙyafewa, kuma sau da yawa su ke ba masunta bashin mai. Yau za ka ga mace a garin masunta tana ƙyafe kifin ƙanƙara da aka shigo da shi daga waje ta tashar Tema. Gidan da kamu ya gaza, yaro ne ke barin makaranta, wasu har a miƙa su aikin kamun kifi a tafkin Volta.

Hukuma ta fara rufe teku ga masu kwale-kwale na wata guda a 2019, domin kifi ya samu ya hayayyafa. An yi ta ƙorafi, alhali tun kaka da kakanni masuntan Elmina ba sa shiga teku ranar Talata. Wata guda ba zai gyara ɓarnar shekara ashirin ba in jiragen nan ba su shiga taitayinsu ba.

To mu masu saye fa? Iyayena mata, in an kawo muku fallen ƙanƙara cike da 'yan mitsi-mitsin kifi gauraye, kala-kala, a kan araha, ku bar shi, kamanin saiko ke nan. Ɗanyen kifin da kuka ga cikinsa ya fashe, namansa ya yi laushi, ƙashin bayansa a karye, ana zargin nakiya. Wanda ke warin magani, ko ya fara ruɓewa tun rana ba ta yi ba, kada ya shiga miya, balle a ba yaro ko mai juna biyu. Ku tambayi dillaliyarku daga wane bakin ruwa kayanta suka fito. In kun ci karo da irin wannan a kasuwa, ku gaya wa shugabar masu kifi ko jami'in tsafta na yankinku, ku nuna musu kifin kafin a zubar.