Yadda ƙuri'ar gyaran tsarin mulkin jiha ke taɓa kuɗin makarantun gwamnati a Amurka

Duk lokacin zaɓen Amurka hankalinmu yana kan waye zai ci shugaban ƙasa, amma a can ƙasan takardar ƙuri'ar akwai wasu tambayoyi na "eh ko a'a" da mutane da yawa ke dangwalawa a gurguje, alhali su ne suke yanke ko makarantar unguwa za ta ɗauki sabon malami ko kuma ta sallami wanda take da shi.

Abu na farko da ya kamata a gane, kowace jiha cikin 50 ɗin nan tana da nata kundin tsarin mulki daban, ba kamar Najeriya ba da kundi ɗaya ne kowa ke bi. Shi kuwa kundin tarayyar Amurka ko kalmar ilimi babu a cikinsa. A 1968 wasu iyaye talakawa daga San Antoniyo a jihar Teksas sun shigar da ƙarar da ta kai har Kotun Ƙoli kan cewa makarantun 'ya'yansu ba sa samun kuɗi kamar na unguwannin masu hali, a 1973 alƙalai 5 cikin 9 suka ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da kundin tarayya ya ba da tabbaci a kai. Tun daga nan rigimar ta koma kan kundin jihohi. Kuɗin ma daga can yake fitowa, don gwamnatin tarayya a shekarun da babu wani tallafin gaggawa wajen kashi 10 cikin 100 kawai take sawa, sauran jiha ce da ƙananan hukumomi suke rabawa kusan rabi da rabi, kuma na ƙananan hukumomin yawanci harajin gidaje da filaye ne.

Gyaran kundin jiha yawanci yana zuwa gaban masu zaɓe ta hanya biyu, ko majalisar jiha ta aiko da shi, ko kuma jama'a su tara sa hannu har ya kai adadin da doka ta ce, wannan hanya ta biyun jihohin da suka yarda da ita ba su kai 20 ba. A yawancin jihohi rinjaye kawai ake nema, Folorida sai an samu kashi 60, Kolorado 55. Da zarar ya wuce shi kenan, gwamna ba shi da ikon ƙin sa hannu, majalisa ba za ta iya soke shi da dokar yau da kullum ba, sai dai a sake komawa gun masu zaɓe.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaran da ya fi yi wa makarantu illa sau da yawa sunan makaranta ma ba ya fitowa a kan takardar. Dubi Kalifoniya. A watan Yunin 1978 farashin gidaje yana ta hawa haraji na binsa, tsofaffi 'yan fansho suna kuka wai za a kore su daga gidajen da suka gama biya, sai aka kawo gyara mai lamba 13 wanda wani mai fafutukar rage haraji, Howard Jarvis, ya jagoranta, ya ce harajin gida kar ya wuce kashi 1 na darajarsa, darajar kuma a mayar da ita ta 1975, kuma kar a ɗaga ta fiye da kashi 2 a shekara sai in an sayar da gidan. Kusan kashi 65 suka ce eh. Kukan mutanen gaskiya ne, ba wanda zai musa, amma cikin shekara ɗaya harajin gidaje da ake tarawa ya faɗi da fiye da rabi, makarantu suka koma dogaro da gwamnatin jiha a Sakaramento, jihar da a da take sahun gaba wajen kashe wa ɗalibi kuɗi ta yi shekaru tana ƙasa da matsakaicin ƙasar. Kuma ba gidajen zama kaɗai dokar ta rufe ba, har manyan kamfanoni da otal-otal suna cin moriyarta, an yi ƙoƙarin cire gine-ginen kasuwanci a 2020 amma aka sha kaye da 'yar tazara kaɗan. A 1988 dole aka sake wani gyaran, mai lamba 98, wanda ya ware wajen kashi 40 na babban asusun jiha ga makarantu da kwalejojin al'umma.

Na Kolorado ya fi rikitarwa don gyare-gyare biyu ne suka yi karo da juna a kundi ɗaya. A 1992 aka amince da wani gyara da ake kira TABOR, wanda ya ce ba a ƙara haraji sai an tambayi masu zaɓe, kuma ƙaruwar kuɗin shigar gwamnati kar ta wuce hauhawar farashi haɗe da ƙaruwar jama'a, rarar a mayar wa mutane. A 2000 kuma masu zaɓen nan dai suka amince da gyara na 23, cewa kuɗin kowane ɗalibi dole ya riƙa ƙaruwa da hauhawar farashi, da ƙarin kashi 1 har tsawon shekara 10. Kun ga an ɗaure wa gwamnati hannu sannan an ce ta yi tafi. Da tattalin arziki ya karye bayan 2008 sai majalisa ta nemo dabara, daga 2010 ta riƙa ƙara tushen kuɗin, wato ainihin adadin da ake ware wa kowane ɗalibi, kamar yadda kundi ya ce sannan ta zaftare daga sauran ɓangarorin lissafin, iyaye suka kai ƙara, a 2015 Kotun Ƙolin jihar ta ce hakan bai saɓa wa kundi ba tunda tushen kawai gyaran ya ambata. Kafin a daina wannan zaftarewa a kasafin 2024 kusan dala biliyan 10 ne bai kai ga makarantu ba, yaron da ya shiga firamare a 2010 har ya gama sakandare a haka.

Akwai fa inda gyaran ya kawo kuɗi. A 2022 Masacusets ta saka ƙarin harajin kashi 4 kan abin da mutum ya samu sama da dala miliyan 1 a shekara, aka ce na ilimi ne da sufuri, yana kawo fiye da dala biliyan 2 a shekara kuma daga ciki ake ciyar da ɗalibai kyauta. Arizona ta gwada makamancinsa a 2020 masu zaɓe suka amince, amma da yake doka ce kawai ba gyaran kundi ba, kotu ta rushe ta a 2022 saboda wani gyaran 1980 da ya sa wa makarantu iyakar abin da za su kashe. Folorida kuwa a 2002 yawan yara a aji ta sa a kundinta, 18 a ƙananan azuzuwa, 22 a na tsakiya, 25 a babbar sakandare, wanda ma'anarsa dole a gina azuzuwa a ɗauki malamai ko da kuɗi ko babu.

Rigimar da ake yi yanzu ita ce ko za a ɗauki kuɗin gwamnati a biya wa yaro kuɗin makarantar kuɗi. Kundin Kentaki ya ce harajin ilimi na makarantun gwamnati ne, shi ya sa a 2022 Kotun Ƙolin jihar ta soke wani shirin tallafi da majalisa ta yi, sai majalisar ta kawo gyara na 2 a Nuwamban 2024 don ta buɗe wannan ƙofa. Masu goyon baya suka ce ɗan talaka ma ya samu zaɓin da ɗan mai kuɗi yake da shi, kuma hujja ce mai nauyi ga uwar da makarantar unguwarsu ta lalace. Amma ni ina tare da waɗanda suka ƙi, don in ɗalibi 3 suka bar aji kuɗinsu ya bi su, albashin malamin bai ragu ba, man motar ɗaukar yara bai ragu ba, wutar lantarki ma haka, ragowar yaran ne za su ji a jikinsu. Mutanen karkara sun fi kowa gane wannan tunda ƙananan hukumomi da yawa ko makarantar kuɗin babu a kusa, kuma makarantar gwamnati na cikin manyan masu ba da aiki a garin. Jihar da ta ba Trump ƙuri'a da gagarumin rinjaye a wannan rana ita ce ta yi watsi da gyaran da wajen kashi 65, kuma a duk ƙananan hukumominta 120 babu inda ya ci ko ɗaya.