Shekarar kuɗi

Shekarar kuɗi tsawon wata goma sha biyu ne da gwamnati ko kamfani ke ɗauka a matsayin zango ɗaya na kasafi, haraji da rufe littafin lissafi. Shekarar kalanda kullum daga 1 ga Janairu take zuwa 31 ga Disamba, ita kuwa ta kuɗi tana iya somawa a kowane wata da doka ko hukumar kamfani ta tsayar.

Najeriya, Nijar da Ghana duk Janairu zuwa Disamba suke bi, don haka shekarun biyu sun zo ɗaya. Sashe na 318 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce shekarar kuɗi tana farawa ranar farko ta Janairu, sai in Majalisar Tarayya ta sa wata rana. In kasafi ya makara, sashe na 82 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har wata shida bisa ma'aunin kasafin bara. Indiya da Japan Afrilu zuwa Maris suke, Masar, Kenya da Ostireliya Yuli zuwa Yuni. A Birtaniya gwamnati na farawa 1 ga Afrilu, amma shekarar harajin ɗaiɗaikun mutane tana farawa 6 ga Afrilu, abin da ya samo asali daga tsohuwar ranar shiga shekara, 25 ga Maris, da kwana 11 da aka tsallake lokacin sauya kalanda a 1752.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne wajen suna. Shekarar da ta taɓa shekarun kalanda biyu dole a zaɓar mata lamba, kuma ba a yi ittifaƙi a kan wacce ba. Gwamnatin tarayyar Amurka tana kiran shekara da lambar shekarar da ta ƙare: shekarar kuɗi ta 2025 ta fara 1 ga Oktoba 2024, ta ƙare 30 ga Satumba 2025. Japan kuma da lambar farawa take kira, wato ta 2024 ita ce Afrilu 2024 zuwa Maris 2025. Indiya da Ostireliya sun fi sauƙaƙa wa mai karatu, suna rubuta duka biyun, kamar 2024-25. A rahotannin Turanci ana sa haruffan FY gaban lambar. Kamfanin Walmart, mai manyan kantuna a Amurka, yana rufe littafi 31 ga Janairu, saboda cinikin ƙarshen shekara ya shiga lissafi ɗaya. Shekararsa ta 2025 wata ɗaya kacal ta ci a cikin 2025, sauran sha ɗayan a 2024 suke.

Haka rubu'in shekara yake. Rubu'i na farko a gwamnatin Amurka Oktoba zuwa Disamba ne, a Microsoft kuwa, mai farawa 1 ga Yuli, Yuli zuwa Satumba. Wanda ya jera alƙaluman biyun don kawai sunansu ɗaya ya gwama watanni dabam-dabam. Abin dubawa shi ne ranar rufe littafi da ke saman rahoton.

Wasu kamfanoni makonni suke ƙirgawa. Apple yana rufewa Asabar ta ƙarshe a Satumba. Mako 52 kwana 364 ne, saura kwana ɗaya ko biyu, waɗanda ke taruwa har bayan shekara biyar ko shida a sami shekara mai mako 53. Cinikin wannan shekarar yakan yi kamar ya ƙaru, alhali mako guda ne aka ƙara.

Sauya shekarar kuɗi yana barin gutsuren lokaci da ake lissafawa shi kaɗai. Da Amurka ta tashi daga Yuli ta koma Oktoba, watanni uku na Yuli zuwa Satumba 1976 ba su shiga ta 1976 ko ta 1977 ba, aka yi musu kasafinsu dabam.