ChatGPT a ɗakin likita: me zai iya, me kuma ba zai iya ba?

Wace irin aba ce wannan da ake cewa ta shiga asibiti?

Manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da ya fito a watan Nuwamban 2022. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har da na likitanci, ta koyi kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Shi ya sa bakinta ke da daɗi. Amma ba ta taɓa ɗora hannu a goshin yaro ta ji zafin zazzaɓi ba.

To, ta san likitanci kuwa?

A takarda kam ta sani. Med-PaLM, wani tsari irinta da kamfanin Google ya horar kan likitanci, ya ci kashi 67.6 cikin ɗari a tambayoyi irin na jarrabawar likitocin Amurka, wanda ya biyo bayansa kuma ya kai kashi 86.5. Sai dai majinyaci ba ya zuwa da amsoshi huɗu a ce ka zaɓi ɗaya. Zai ce maka jikinsa duk ya mutu, ya kuma manta bai ambaci maganin da ya sha a kemis shekaranjiya ba.

Akwai wani bincike na 2024 da ya kamata a tsaya a kansa. An bai wa likitoci 50 a Amurka bayanan majinyata domin su gano cutar. Waɗanda aka haɗa da GPT-4, wani samfuri na ChatGPT, sun sami kashi 76, waɗanda suka yi aiki yadda suka saba suka sami 74, kusan babu bambanci. Abin mamaki, manhajar ita kaɗai ta fi su duka maki. A ganina wannan na nuna cewa ajiye wa likita manhaja bai wadatar ba, sai an koya masa yadda zai yi aiki da ita.

A ina aka ga amfaninta zahiri?

A aikin rubutu tukuna. A Amurka akwai asibitocin da manhaja ke sauraron hirar likita da majinyaci, da izininsa, ta tsara bayanin, likita ya duba ya gyara. Na biyu a Nairobi ta Kenya ne: asibitocin Penda Health sun sa ta tana bibiyar abin da jami'in lafiya ya rubuta, ta ja hankalinsa in ta ga alamar kuskure. Rahoton da suka fitar tare da OpenAI, kamfanin da ya ƙera ChatGPT, a 2025 ya ce kuskuren gano cuta ya ragu da kashi 16, na ba da magani da kashi 13. Hukunci dai ya tsaya a hannun jami'in.

Ina haɗarin yake?

Takan ƙirƙiro abin da babu shi, ta kuma faɗe shi cikin natsuwa kamar ta tabbatar. A 2025 wata mujallar likitoci a Amurka ta ba da labarin wani ɗan shekara 60 da ya so ya daina cin gishiri. Bayan ya tuntuɓi ChatGPT sai ya maye gurbinsa da sinadarin buromayid, ya yi wata uku yana sha, har hankalinsa ya gushe, ya kwashe mako uku a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari sama da 40 kan amfani da irin waɗannan manhajoji a harkar lafiya a Janairun 2024, ta kuma yi gargaɗi kan amsoshin ƙarya da saurin miƙa wuya ga na'ura.

In na tambaye ta da Hausa fa?

Nan sai an ƙara hattara. Yawancin abin da ta karanta Turanci ne. Mutum ya ce yana fama da shawara ko basir, kalmomin da mu kanmu muke cusa cututtuka iri-iri a cikinsu, tana iya ɗaukar ma'ana guda ta gina amsa a kai.

Zan iya amfani da ita a gida?

Za ka iya, don fahimtar takardar gwaji ko shirya tambayoyin da za ka yi wa likita. Kada ka sa mata suna ko hoton katin majinyaci. Kada ta yanke maka adadin maganin yaro ko na mai juna biyu. In kuwa ana jijjiga, ko zubar jini, ko numfashi na sarƙewa, ajiye wayar a kama hanyar asibiti.